Cajin tura kirifto ya cinye kuɗin Yayana, yanzu gaisuwa kawai muke

Ga saƙon da ya shigo, na ɗan rage masa tsayi amma ban taɓa ma'anar ba:

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Yayana ne ya ba ni amanar kuɗinsa daidai da dala 500 yace in mayar masa USDT in ajiye, tunda wai ni ne na iya harkar kirifto. Na saya da kati a wani eksicenj, sai naji ana ta cewa kar a bar kuɗi a eksicenj, na cire zuwa walat ɗina ta ERC-20 don shi na fara gani a jerin. Daga baya na ɗan juya wani ɓangare zuwa wani koyin, karon farko bai ma wuce ba amma an cire min kuɗi, na sake yi, daga baya na dawo da shi USDT. Duk sanda Yaya yace yana son dala 40 ko 50 sai in tura eksicenj in sayar in ba shi, an yi haka sau bakwai ko takwas. Yanzu da muka zauna lissafi kusan dala 60 babu, ga dala 18 ta maƙale a walat ta ƙi fita wai ba ni da gas. Yaya bai ce na ci ba amma tun ranar ya ja baya. Wallahi ko sisi ban taɓa ba. Ina kuɗin suka tafi, kuma ya zan yi in daina wannan asarar?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Na yarda ba ka ci ba, don yadda ka jero labarin nan ko ban ga wayarka ba zan iya nuna maka ramin da kowace dala ta faɗa. Kuɗin nan yawo ne ya cinye su. Ƙirga da kanka: saye da kati ɗaya, cirewa daga eksicenj (kasuwar saye da sayar da kirifto) biyu, sayen ETH (koyin ɗin netwok ɗin Ethereum) da ka biya gas (kuɗin aikin netwok) da shi uku, izinin musanya huɗu, musanyar da ta faɗi biyar, wadda ta wuce shida, izini da musanyar dawowa bakwai da takwas, sannan turawa sau takwas, sannan sayarwa sau takwas. Sama da motsi ashirin kenan akan dala 500, kuma kowane motsi akwai mai tsaye a ƙofa da hannu a buɗe. Ai ni mamaki ma nake da sittin kawai suka tafi.

Abun da yawancin mutane ba sa ganewa da wuri, kuma ni ma sai da na ji a jikina na gane, shi ne cajin netwok bai san nawa kake turawa ba kuma bai damu ya sani ba. Mun saba da banki ko masu tura kuɗi inda ake cire kaso bisa yawan kuɗin, to a nan ba haka bane. Wanda ya tura USDT 20 (USDT kirifto ne da farashinsa ke bin dalar Amurka) da wanda ya tura USDT miliyan ɗaya akan Ethereum, wato hanyar ERC-20 ɗin da ka zaɓa, a minti guda, caji ɗaya za su biya. Wuri kake saya a cikin bulok, wato shafin da netwok ke rubuta turawar mutane rukuni rukuni, kuma wurin nan gwanjonsa ake yi, idan masu layi sun yi yawa farashi ya hau, idan sun watse ya sauko. Shi yasa mai babban kuɗi baya ko jin cajin, kai kuma mai tura arba'in arba'in kai ne kake zubar da jini.

Bari in buɗe maka Ethereum ɗin tunda a nan aka fi yanka ka. Kowane aiki yana da adadin gas da yake ci. Tura ETH zalla daga walat zuwa walat gas 21,000 ne, wannan a tsaye yake. Tura token irin USDT yana cin wajen ninki biyu zuwa uku na wannan saboda sai an taɓa kwantiragin token ɗin, wato manhajar da ke tafiyar da shi akan netwok, musanya kuma ta fi haka nesa, tana iya haura dubu ɗari cikin sauƙi. Shi kuma gas ɗin ana sayensa da gwei, kuma gwei biliyan ɗaya ne ke yin ETH ɗaya. To ɗauki misali don lissafi kawai: a ce turawarka ta ci gas 65,000, gas yana gwei 20, ka ga 0.0013 ETH kenan, idan ETH yana dala 3,000 kusan dala 4 ta tafi. Wannan turawar dai, ranar da gas ya sauka gwei 2 ba za ta kai rabin dala ba, ranar da ya hau gwei 100 kuma tana neman dala 20. Turawa ɗaya, mutum ɗaya, kuɗi ɗaya, lokaci ne kawai ya bambanta. Ka tura dala 40 ka biya 4, kashi goma cikin ɗari ya tafi kenan tun kafin ka sayar, kayi haka sau takwas ka ga rabin asararka ta fito fili.

Tun watan Agusta na 2021 da aka yi gyaran da ake kira London, cajin ya rabu biyu, akwai na tushe wanda netwok ɗin da kansa ke sawa kuma ƙona shi ake yi babu wanda ke ɗauka, sai ɗan tukuici da kake ɗorawa don a saka ka da wuri. Na tushen nan yana iya hawa ko sauka har kashi 12.5 cikin ɗari daga bulok zuwa bulok, bulok kuma duk daƙiƙa 12 yake fita, don haka cikin 'yan mintuna farashi na iya ninkawa kuma cikin 'yan mintuna ya dawo. Idan ka buɗe walat kaga caji ya yi hauka, ba dole bane ka danna, ajiye wayar ka dawo anjima. Etherscan, dandalin binciken abun da ke faruwa akan Ethereum, yana da shafin da ke nuna farashin gas na yanzu, leƙa shi kafin ka motsa. Galibi ƙarshen mako da lokutan da Amurka da Turai ke barci an fi samun sauƙi, amma ba doka bace, ranar da kasuwa ta rikice ko ake rububin wani sabon abu ko tsakar dare ne sai ka sha mamaki. A watan Mayun 2022 da ake rububin filayen intanet na wani wasa mai suna Otherside akwai waɗanda suka biya dubban daloli a gas kawai.

Musanyar da kace ta faɗi amma an cire maka kuɗi, wannan ba zamba bace, haka tsarin yake duk da ciwon da yake da shi. Netwok ya riga yayi aikin lissafin har inda ya tsaya, don haka gas ɗin da aka ƙona baya dawowa. Yawanci ko farashi ne ya motsa ya wuce iyakar da ka amince kafin a kai ga odarka, ko an sa iyakar gas da tayi kaɗan. Kuma karon farko da za ka musanya kowane token sai ka fara ba kwantiragin izinin taɓa shi, wannan izinin ma aiki ne mai zaman kansa da cajinsa, shi yasa kaga walat ya nemi ka sa hannu sau biyu.

Yanzu magani. Abu mafi girma da zai canza maka lissafi shi ne hanyar da kake bi, don USDT ɗin nan guda ɗaya yana zaune akan netwok da yawa, kuma wannan jerin da ka gani lokacin cirewa ka danna na farko, a nan aka yi maka illa. Akwai Tron wato TRC-20, akwai BNB Smart Chain wato BEP-20, akwai Solana, akwai Polygon, akwai kuma na hawa na biyu da ke kan Ethereum irin su Arbitrum da Optimism. Waɗannan na hawa na biyun tattara ayyukan mutane da yawa suke su kai wa Ethereum a dunƙule, sai a raba cajin, kuma tun gyaran Dencun na watan Maris 2024 da ya ba su wuri mai araha na ajiye bayanansu, turawa a kansu yawanci 'yan santi ne. Solana kuma cajinta na tushe 0.000005 SOL ne akan kowace sa hannu, sai dai idan wanda kake turawa bai taɓa riƙe token ɗin ba za a ɗan cire wajen 0.002 SOL don buɗe masa asusun token.

Tron sai na ɗan tsaya a kansa don mutane sun haddace cewa shi ne mafi araha, alhali ba kullum ba. Shi da enaji da bandwiz yake aiki, su ne gas ɗinsa, idan ba ka da enaji sai a ƙona maka TRX, wato koyin ɗin Tron, a madadinsa, kuma wannan ƙonawar tana iya kai dala ɗaya, biyu ko fiye a turawa guda gwargwadon farashin TRX. Wani abun da ba kowa ya lura ba, tura USDT zuwa adireshin da babu USDT ko kaɗan a cikinsa yana cin enaji kusan ninki biyu na turawa zuwa wanda ke da saura. Mai turawa kullum yana iya kulle TRX ya riƙa samun enaji da ke sake cika, amma idan ya so buɗe su sai ya jira kwana 14. Ga mai tura kuɗi sau ɗaya ko biyu a wata kamar kai, wannan bai cancanci wahalar ba. Akwai masu ba da hayar enaji, wasu na gaskiya ne wasu tarko, kuma alamar tarkon guda ce: duk wanda ya nemi kalmomin sirrinka 12 ko 24, ko yace ka sa hannu a wani izinin da ba ka gane ba, rufe shafin kawai. Mai ba da enaji na gaskiya adireshinka kaɗai yake buƙata.

Amma fa kafin ka ruga ka zaɓi mafi arha, dole inda kuɗin za su sauka ya zama yana karɓar wannan netwok ɗin. Wannan wajen ne ake garin neman gira a rasa ido. Adireshin Ethereum da na BNB Smart Chain da na Arbitrum da Polygon duk da 0x suke farawa, kamarsu ɗaya sak, don haka manhaja ba za ta hana ka ba ko ka yi kuskure. Ni da kaina na taɓa yi, shekarun baya, na tura token ta netwok mai araha zuwa wani eksicenj da ban duba ko yana karɓa ba, ina ta murna na tsira da dala uku. Na zauna ina sabunta shafi har dare, shafin bincike yana nuna min kuɗi sun isa lafiya, asusuna kuma sifili yake kallona. Sai da na shafe makonni ina rubuta musu saƙo ina tura hoton shaida, daga ƙarshe suka dawo min da su bayan sun cire kuɗin aiki da ya ninka abun da na so in tsira da shi sau da yawa, kuma sa'a na ci, akwai waɗanda ba a dawo musu ba sam. Tun ranar nake buɗe shafin karɓa na can tukuna, in zaɓi netwok a can, in kwafo adireshin daga can, sannan in dawo in zaɓi irinsa daidai a wajen turawa. Idan sabuwar hanya ce kuma kuɗin da yawa, sai na fara tura ɗan kaɗan ya isa. Eh caji biyu kenan, amma akan hanya mai araha caji biyun ba komai bane.

Haka koyin irin XRP da Stellar da TON, cajinsu ƙanƙani ne sosai, na XRP ma 0.00001 XRP ne, amma idan eksicenj kake turawa akwai wata lamba ta daban da ake kira tag ko memo da dole ka saka, don adireshi ɗaya dubban mutane ke amfani da shi, lambar nan ce ke nuna naka ne. Ka manta ta, ka shiga layin masu rubuta saƙo.

Sai cajin eksicenj, wanda shi daban yake da na netwok kuma mutane na haɗa su. Kuɗin cirewa da kake gani eksicenj ne ya yanka abunsa, wani lokaci ya kusa da ainihin cajin netwok wani lokaci ya ɗora riba mai kauri, kuma ya bambanta daga wannan kasuwa zuwa waccan da kuma daga netwok zuwa netwok a kasuwa ɗaya. Duba jerin gaba ɗaya kafin ka danna, kusa da kowanne an rubuta cajinsa da mafi ƙarancin abun da za a iya cirewa.

Saye da kati kuma, gaskiya shi ne hanya mafi tsada ta shiga kirifto, akwai kason masu sarrafa katin, akwai ratar farashi, wani lokaci bankinka ma ya ɗora nasa na canji. Inaga tun a nan ka bar dala goma sha wani abu ba ka sani ba. Maɓallin nan na musanya nan take da ake rubuta masa babu caji shi ma ka riƙa lura, cajin yana ɓoye ne a cikin farashin da aka ba ka. Gwada da kanka wata rana, duba nawa zai ba ka, sannan ka buɗe ɓangaren sifot, inda masu saye da masu sayarwa ke jera odarsu, ka duba farashin da ake ciniki a daidai lokacin, bambancin shi ne abun da kake biya. A sifot caji a bayyane yake, misali a Binance matakin talakawa 0.1 cikin ɗari ne kuma ana rage kashi 25 na cajin idan da koyin ɗin BNB ka biya, akan dala 500 ka ga rabin dala kenan kafin ragin. Wasu kasuwannin kuma suna sauƙaƙa wa wanda ya ajiye oda da farashinsa ya jira fiye da wanda ya ɗauki abun da ke ƙasa nan take. Idan ta P2P, wato ciniki mutum da mutum, kake saye ko sayarwa, can ma ratar tsakanin farashin saye da na sayarwa ita ce cajinka ko da an rubuta sifili, kuma ƙananan oda sun fi samun mummunan farashi, wanda shi ma wani dalili ne na daina yanka kuɗin gunduwa gunduwa.

Ga wata hanya da da ka santa da kusan rabin matsalar nan bata faru ba: idan kai da Yaya kuna da asusu a eksicenj ɗaya, turawa tsakaninku ta lambar asusu ko imel yawanci kyauta ce kuma nan take, saboda kuɗin basu taɓa bulokcen, wato netwok ɗin, ba, a littafin kamfanin kawai aka canza suna.

Wanda ya ce maka kar ka bar kuɗi a eksicenj bai yi ƙarya ba. Kasuwar Mt. Gox ta rufe da kuɗin mutane a 2014, ta FTX ta rushe a watan Nuwamban 2022 mutane suka wayi gari ba sa iya cire ko dala. Amma shawarar ta masu ajiya ce ta dogon lokaci. Kai kuma kuɗin da ake ɗiba akai-akai ka kai walat, sai ya zama kana biyan kuɗin fita da kuɗin dawowa akan abun da dama can za ka sayar. Da ni ne, da na tambayi Yaya nawa yake ganin zai buƙata cikin wata biyu masu zuwa, in bar wannan a eksicenj, ragowar in fitar sau ɗaya tak ta netwok mai araha in manta da su. Hatsarin barin ɗan kaɗan a kasuwa na ɗan lokaci yana nan, ban ce babu ba, amma an san girmansa, kuma Yaya ne ya kamata ya zaɓa tunda kuɗinsa ne.

Ba ka tambayi Bitcoin ba amma na san gobe za ka taɓa shi, to ji kaɗan. Shi cajinsa da nauyin bayanan turawar ake aunawa, satoshi kaza akan kowane vbyte, wato ma'aunin nauyin nan, kuma satoshi miliyan 100 ne Bitcoin ɗaya. Turawa ta yau da kullum daga adireshin da ya fara da bc1q wajen vbyte 141 ce, daga tsohon adireshi mai farawa da 1 kuma wajen 226, ka ga tun daga irin adireshin ka rage fiye da kashi ɗaya cikin uku, wannan albarkar wani gyara ce mai suna SegWit da ya fara aiki a 2017. Sannan duk karɓar da kayi tana zama ɓallinta daban a walat, kamar wanda aka yi ta ba shi canji ƙanana, ranar da za ka kashe sai an tattaro su kuma kowane ɓalli yana ƙara wajen vbyte 68. Mutum mai ɓalli 20 turawarsa tana kai vbyte 1,400, idan caji na satoshi 50 akan kowane vbyte ya biya satoshi 70,000, idan ya jira ranar da ya sauka 2 ya biya 2,800. Shi yasa masu wayo ke haɗe ɓallayensu su tura wa kansu a lokacin da layi ya yi sauƙi, kuma mempool.space na nuna layin a fili. Ka guji ranakun hayaniya, ranar da aka rage ladan masu haƙar Bitcoin da rabi a watan Afrilun 2024, da aka ƙaddamar da sabon tsarin token mai suna Runes, matsakaicin caji ya haura dala 100. Idan ba sauri kake ba sa caji kaɗan a walat mai RBF, wato mai ba ka damar ƙara caji bayan ka tura, in ta daɗe ka ƙara daga baya. Ƙananan biya kuma Lightning, hawa na biyu da ke kan Bitcoin, aka yi dominsu.

Gada tsakanin netwok da netwok, wato manhajar da ke tsallakar da token daga wannan zuwa wancan, ni dai ba na ba sabon shiga shawararta. Akwai caji a gefe biyu, fita daga Arbitrum ko Optimism zuwa Ethereum ta gadarsu ta asali na ɗaukar wajen kwana 7, sannan gadoji sun sha zama wajen da ake yi wa fashi, Wormhole a Fabrairun 2022 an kwashe sama da dala miliyan 300, Ronin a Maris ɗin shekarar sama da miliyan 600. Idan kana son canza netwok, sau da yawa tura eksicenj ka fitar ta ɗayan ya fi sauƙi kuma ya fi kwanciyar hankali.

Dala 18 ɗin da ta maƙale bata ɓata ba, tana nan. Token baya biyan kuɗin motarsa da kansa, akan Ethereum sai da ETH, akan Tron sai TRX, akan BNB Smart Chain sai BNB, kai kuma ETH ɗinka ya ƙare. Sai ka tura ɗan ETH kaɗan cikin walat ɗin ta netwok ɗin Ethereum sannan ta fita. Amma yi lissafi kafin nan, kuɗin fitar da ETH daga eksicenj haɗe da gas ɗin tura USDT ɗin, idan jimillar ta kusa rabin 18 ɗin to bari kawai, babu abun da ke cin ta a inda take, jira ranar da gas ya faɗi ƙasa sosai, yanzu ana samun irin ranakun nan da yawa fiye da da. Kuma kar ka je kana tambaya a ƙarƙashin rubutun mutane cewa kuɗinka sun maƙale, cikin minti biyar masu cewa su ma'aikatan walat ne za su cika maka akwati. Wajen kwafo adireshi ma kar ka ɗauko daga tarihin turawa, akwai masu turo maka ɗan ƙura daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da naka don ka kwafi nasu.

Saura maganar Yaya, wadda inaga ita tafi damunka fiye da dala sittin ɗin. Ka yi sa'a harkar nan komai a rubuce yake. Ɗauki adireshin walat ɗinka ka saka a Etherscan, kowace turawa za ta fito da ranarta da adadinta da cajin da aka cire, har wadda ta faɗi za ka ganta da jan alama. Sauke tarihin eksicenj ɗinka ma, saye da cirewa da sayarwa. Zauna da biro da takarda ka jera su layi layi har jimillar ta haɗu ko ta kusa, sannan ka same shi shi kaɗai ba gaban mutane ba, ka ajiye masa takardar da wayar kace Yaya ga inda kuɗinka suka bi, duba da idonka. Kar ka tsaya yi masa lacca akan gwei, lambobin kawai yake son gani.

Amma akwai wajen da ba zan rufe maka ba ƙanena. Cewa yayi ka mayar USDT ka ajiye. Bai ce ka juya zuwa wani koyin ba. Cajin cirewa da na turawa rashin sani ne kuma aikinsa kake yi, wannan ana iya yafewa, amma izini da musanyar da ta faɗi da wadda ta wuce da ta dawowa, duk wannan kai ka jawo da kuɗin da ba naka ba, ko da niyyarka ka samo masa riba. Da koyin ɗin ya faɗi rabi fa, me za ka ce masa? Ware wannan ɓangaren a takardar da kanka kafin ya gano, ka faɗa masa gaskiya cewa ka taɓa ba da izininsa ba, kace za ka biya wannan daga aljihunka ko da kaɗan kaɗan ne. Ina kyautata zaton wannan furucin zai fi sanyaya masa zuciya akan duk hotunan Etherscan ɗin.

Idan kuma ya ce ku ci gaba, ku buɗe masa asusunsa da sunansa a eksicenj ɗin da kake, ka zauna kusa da shi ka nuna masa yadda ake sayarwa sau ɗaya ko biyu, abun ajiyar dogon lokaci kuma ya shiga walat ɗin da shi ya rubuta kalmomin sirrinsa da hannunsa a takarda, kai ko gani kar ka yi. Dala 18 ɗin nan kuma ka rubuta ta a ƙasan takardar a matsayin bashin da ke kanka, ranar da gas ya sauka ka fitar zuwa eksicenj ka tura masa ta lambar asusunsa.